Fuskokin Makaɗan Biyana a Kan Dutse

Abin da Turawa suke kira kiɗan ɗaki shi ne kiɗan da makaɗa ƙalilan suke yi a falon gida ko ƙaramin zaure, kowa da layin sautin da yake bi shi kaɗai, ba tare da madugu ya tsaya a gabansu ba. Wannan kiɗa ya bunƙasa a Biyana, babban birnin Austriya, inda Haydn da Mozart da Beethoven da Schubert suka yi aiki, amma da yake babu na'urar ɗaukar sauti a zamanin, abin da yake fita daga ɗakin ya kai ga jama'a, in ban da rubutaccen kiɗan, shi ne hoton makaɗin.

Hanyar da ta sauƙaƙa yaɗuwar waɗannan hotuna ita ce litogirafi, wato buga zane daga kan dutse, wadda Alois Senefelder ya ƙirƙiro a Munich a 1796 yana neman yadda zai buga wasannin kwaikwayonsa da araha. Tushenta shi ne cewa mai da ruwa ba sa haɗuwa. Mai zane yakan yi zanensa da alli mai maiƙo a kan faifan dutsen farar ƙasa da aka goge sumul, irin wanda ake haƙowa a Solnhofen, sannan a shafe dutsen da ruwan ƙaro mai ɗan asid, a jiƙa shi, a mirgina tawada, sai ta kama inda allin ya bi kaɗai. Ƙaron nan, ya kamata a sani, shi ne dai wanda ake ɗiba a jikin dakwara, kuma a wancan zamani daga kogin Senegal da Kordofan ake kai shi Turai. Da yake takarda tana juya abin da ke kan dutse, tilas mai zane ya sa izgar mai goge a hannun hagu idan yana so ta fito a dama, aikin da ke buƙatar ido da haƙuri ƙwarai.

A wannan sana'a a Biyana babu wanda ya kai Josef Kriehuber, haifaffen birnin a 1800, wanda ya bar hotuna fiye da 3,000, ciki har da na makaɗa irin su Paganini da Robert Schumann. Mafi daraja a cikinsu shi ne na 1846, wanda ya nuna wani zaman kiɗa na hantsi a wurin Liszt: Liszt yana kan fiyano, Berlioz da Czerny suna tsaye suna saurare, Heinrich Wilhelm Ernst yana zaune riƙe da gogensa, shi kuma Kriehuber ya zana kansa a gefe da takarda a hannu. Hoton ya kama ainihin kiɗan ɗaki fiye da dogon bayani, domin masu saurare a nan su ma gwanaye ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce taku biyu ba.

Bayan bayyanar hoton kyamara a 1839, kasuwar zanen dutse ta riƙa ja da baya sannu a hankali, har Kriehuber ya ƙare rayuwarsa cikin ƙunci. Ya rasu a 1876, shekara guda kafin Edison ya ƙera na'urar ɗaukar sauti, kuma ayyukansa da dama suna ajiye yau a gidan tarihi na Albertina da babban ɗakin karatu na ƙasar Austriya.