Tarihin Wani Amo Mai Taurin Kai A Kan Jita

A watan Maris na 1967 aka fitar da faifan "Purple Haze" na Jimi Hendrix a Ingila, wata shida kacal bayan isarsa Landan daga Amurka. Albarkacin wannan waƙa ne wani haɗin sauti, wato sautuka huɗu da ake kaɗawa lokaci guda, ya samu laƙabin "haɗin Hendrix". A rubuce kuwa E7#9 ne sunansa.

Mu dai a ganinmu wannan laƙabi ya tauye haƙƙin magabata. Makaɗan jaz irin su Charlie Parker da Dizzy Gillespie sun yi aiki da shi tun shekarun 1940, kuma ƙungiyar Beatles ta sa irinsa a waƙarta "Taxman" a 1966. Sai dai su 'yan jaz gada suka ɗauke shi, a taka a haye zuwa sauti na gaba. Hendrix kuwa, bahagon nan da ke juya jitar na-dama ya kaɗa, shimfiɗa tabarma ya yi a kan gadar ya zauna.

To, ina taurin kan yake? Ana danne tsirkiya ta biyar a gaɓa ta 7, ta huɗu a ta 6, ta uku a ta 7, ta biyu a ta 8. Sautukan su ne E, G#, D da G. G# na fara'a ne, G kuma na alhini, kishiyoyi ne da aka haɗa gida ɗaya. Abin da ya sa kunne ke jure musu shi ne an raba musu ɗaki, G# a ƙasa, G can sama. Wannan ja-in-ja gado ne daga kiɗan bulus na baƙaƙen Amurka, inda mawaƙi kan lanƙwasa murya tsakanin biyun.

Nan ne juya haɗin ke da haɗari. Idan aka sauko da G ƙarƙashin G#, faɗa ya tashi, amon ya zama ƙara. Shi ya sa makaɗan jaz suka fi son bar wa mai jitar bes sautin E, su riƙe ukun sama, G# ya koma tushe. Abin mamaki, idan mai bes ya kaɗa Bb maimakon E, waɗannan yatsu uku ba su motsa ba, amma haɗin ya tashi daga E7#9 ya koma Bb13.