Malaman Furamarenmu A Minna: Daga Zamanin En'e Zuwa Yau

Jama'a, tun da layin dogo na Baro zuwa Kano ya ratsa Minna, wanda aka kammala a 1911, kakanninmu suka sauka cikin Gwarawa suka kafa unguwanni irin su Limawa da Kwangila. A zamanin En'e, malamin elemantare yakan daɗe a makaranta ɗaya har ya koyar da wa, ya koyar da ƙane. Ya san gidan kowane yaro, in yaro ya yi fashi, da yamma sai ga malam a zauren ubansa.

To, abin ya fara sauyawa a 1976. A shekarar aka cire Jihar Neja daga Jihar Arewa Maso Yamma, aka raba ma'aikata tsakanin Sakkwato da Minna, kowa aka duba asalinsa. A watan Satumba kuma gwamnatin Obasanjo ta buɗe shirin ilmin furamare kyauta, wato UPE. Yara suka cika azuzuwa, malamai suka yi kaɗan, sai aka riƙa ɗauke ƙwararru daga gari ana kai su sababbin makarantun ƙauye.

Daga nan ragamar malamai ta yi ta yawo. A 1988 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar ilmin furamare ta ƙasa. A 1991 aka rushe ta, aka miƙa malamai ga ƙananan hukumomi, albashi ya riƙa makalewa, yajin aiki ya yawaita. A 1993 aka sake dawo da ita. Bayan dokar UBE ta 2004, hukumar SUBEB ta jiha ta karɓi aikin. Duk sanda ragama ta koma sabon hannu, takardun taransifa sukan biyo baya, mai uwa a gindin murhu ya zauna a gari, marar gata a tura shi nesa.

Wa ke shan wahalar? 'Ya'yanmu ne. Yaron da aka canja wa malami sau biyu kafin shekara ta ƙare, da wuya ya iya karatu sosai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya zauna cikinsa tukuna.

Don haka, 'yan'uwa, mu riƙa halartar taron iyaye da malamai, mu nemi a bar taransifa sai ƙarshen shekarar karatu, a kuma kawo madadi kafin a ɗauke malami. Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, amin.