Kwaɗo da Kapso

A 1928 Alexander Fleming ya gano penisilin. A 1945 ya yi kashedi cewa shan sa rabi-rabi zai sa ƙwayoyin cuta su saba da shi. Ga shi kuwa a kasuwar Konni ko Galmi, mutum ya sayi kapso biyu a tebur, jiki ya yi sauƙi, ya bari.

A 1987 Michael Zasloff ya gano dalilin da raunin wani kwaɗon Afirka ba ya ruɓewa ko cikin ruwa mai datti: fatarsa na fitar da guntayen furotin masu huda jikin ƙwayar cuta. Amma a 1999 hukumar Amurka ta ƙi amincewa da maganin da aka haɗa da irinsu. Ƴan'uwa, kwaɗo bai iso ba tukuna. Na hannunmu, mu sha yadda lokotoro ya rubuta.