Yadda Raye-rayen Indiya Suka Tsallake Rijiya da Baya

Mai kallon finafinan Indiya zai ɗauka rawar ƙasar iri ɗaya ce, alhali hukumar Sangeet Natak Akademi ta amince da manyan raye-rayen gargajiya har takwas, kowace da yankinta. A Kerala, ɗan rawar Kathakali yakan shafe sa'o'i a kwance ana yi masa kwalliya, a mulke fuskarsa da koren launi in jarumin kirki zai fito, a zagaye muƙamuƙinsa da farin ƙullun shinkafa. A arewa kuwa, mai rawar Kathak a miƙe take kyam, da 'yan ƙararrawa birjik a ƙafafunta, tana juyi kamar katantanwa.

Akan jingina su duka ga Natya Shastra, littafin da ya kai kimanin shekara 2000, amma siffar da ake gani a dandamali yau ƙarni na 20 ne ya haife ta. Bharatanatyam ta Tamil Nadu, da can Sadir ake kiran ta, rawar devadasi ce, matan da akan sadaukar ga ɗakunan bauta. Daga 1892 'yan mishan da wasu 'yan bokon Indiya suka taso ta a gaba da zargin karuwanci, har gwamnatin Madras ta haramta sadaukarwar a 1947. Kafin nan Rukmini Devi Arundale ta kafa makarantar Kalakshetra a 1936, ta rage waƙoƙin soyayya, ta sauya suturar, ta mai da rawar abin da 'ya'yan manyan gidaje za su koya ba kunya. Haka mawaƙi Vallathol ya ceto Kathakali da kafa Kerala Kalamandalam a 1930.

Wani zai ce ai ga salon rawa 108 sassaƙe a ƙofofin haikalin Chidambaram, shaidar cewa igiyar Bharatanatyam ba ta tsinke ba. Tsufan asalin ba abin musu ba ne, sai dai sassaƙa ba ta koyar da taku. Gidajen devadasi da malamansu ne suka riƙe shi, ɗa ya karɓa daga uba, 'ya daga uwa, kuma jerin wasan da ake bi yau 'yan'uwa huɗu na Tanjore ne suka tsara shi a farkon ƙarni na 19. Balasaraswati, wadda ta gaji rawar daga kakanninta, ba ta taɓa yarda cewa rawar tana buƙatar tsarkakewa ba. Rawar ta tsira, ta kuma yi suna a duniya, amma akasarin gidajen da suka raine ta sun rasa sana'arsu, kuma tarihin da ya tsallake su bai cika ba.