Buchi Emecheta: Marubuciyar da ta sake rubuta littafin da aka ƙona

An haifi Florence Onyebuchi Emecheta, wadda aka fi sani da Buchi Emecheta, a Legas ranar 21 ga Yuli, 1944. Iyayenta 'yan ƙabilar Ibo ne daga garin Ibusa da ke Jihar Delta ta yanzu. Mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma ya rasu tana da shekara tara. Da farko ƙaninta aka sa a makaranta aka bar ta a gida, sai da ta matsa kafin aka yarda ta bi shi. Daga baya ta samu tallafin karatu a makarantar 'yan mata ta Methodist da ke Yaba.

A wannan makaranta ta fara furta burinta na zama marubuciya. Kamar yadda ta ba da labari a tarihin rayuwarta, Head Above Water na 1986, malamar Turanci ta ɗauki maganar a matsayin girman kai, ta tura ta ta nemi gafarar Ubangiji. Sha'awar kuwa ba a aji ta samo ta ba. Ta sha danganta ta da wata gwaggonta a Ibusa, wadda kan tara yara da dare a farin wata tana yi musu tatsuniya. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne yadda tsohuwa ɗaya ke riƙe hankalin yara da murya kawai.

An yi mata aure tana da shekara 16, kuma a 1962 ta bi mijinta Landan inda yake karatu. Kafin ta wuce shekara 22 ta haifi 'ya'ya biyar. A cikin wannan hali ta kammala littafinta na farko, ta miƙa wa mijin ya karanta, shi kuwa ya cinna masa wuta. Ba ta da wani kwafi. Auren bai daɗe ba bayan haka. Ta fita da 'ya'yanta, ta ci gaba da aiki a ɗakin karatu na gidan tarihin Birtaniya, tana kuma karatun nazarin zamantakewa a Jami'ar Landan har ta samu digiri.

Lokacin rubutunta shi ne sassafe, kafin yara su tashi, sau da yawa a teburin kicin. Abin da ta rubuta shi ne abin da take ciki: rayuwar uwa baƙar fata a gidajen gwamnati na talakawan Landan. Mujallar New Statesman ta riƙa buga waɗannan rubuce-rubuce, sannan aka tattara su a 1972 da sunan In the Ditch. A 1974 Second Class Citizen ya fito, inda wata mai suna Adah ta bi kusan duk hanyar da marubuciyar ta bi, har da ƙona littafin.

Littafin da aka ƙona ya dawo a 1976 da sunan The Bride Price, amma ba yadda yake da farko ba. Emecheta ta ce rubutun farko ya ƙare ne da masoya biyu suna zaman lafiya. A na biyu, Aku-nna ta auri saurayin da danginta suka ƙi saboda asalinsa na bauta, aka ƙi karɓar kuɗin aurenta, ta rasu wajen haihuwa, kamar yadda camfin garin ya ce zai faru. Shekarun da suka shiga tsakani sun sauya hannun mai rubutun, kuma da wuya a ce littafin ya yi asara da wannan sauyi.

The Slave Girl na 1977 ya samo mata kyautar Jock Campbell. Amma wanda ya fi ɗaukaka sunanta shi ne The Joys of Motherhood na 1979, labarin Nnu Ego, matar da ta ƙarar da ƙarfinta wajen renon 'ya'ya a Legas ta zamanin mulkin mallaka, tana sa ran su riƙe ta a tsufa, ta mutu ita kaɗai a bakin hanya, sannan aka yi mata gagarumar jana'iza. Sunan littafin kansa gatse ne. A 1982 ta fitar da Destination Biafra kan yaƙin basasar Najeriya, fagen da galibi maza ne suka yi rubutu a kai. Duk da haka ba ta son a jingina ta kacokan ga gwagwarmayar mata irin ta Turawa. Ta fi kallon kanta a matsayin mai ba da labari.

Masu sha'awar rubutu sukan koma ga tarihinta saboda dalilai na zahiri. Ba ta jira ɗaki na musamman ko hutu daga aiki ba, ta ware sa'o'i kaɗan ta riƙe su. Ta fara da gajerun rubuce-rubuce a mujalla, abin da ya ba ta masu karatu kafin ta samu littafi. Ta kuma amfana da edita mai hangen nesa, Margaret Busby 'yar asalin Ghana, wadda kamfaninta Allison and Busby ya buga da dama daga cikin littattafanta. Daga baya ma ta kafa kamfanin ɗab'i nata, Ogwugwu Afor, tare da ɗanta.

Ta koyar a Jami'ar Kalaba a farkon shekarun 1980, kuma a 1983 mujallar Granta ta sanya ta cikin fitattun matasan marubutan Birtaniya. Ta rubuta littattafai sama da 20, har da na yara. A 2005 Birtaniya ta ba ta lambar yabo ta OBE. Ta kamu da shanyewar jiki a 2010, ta rasu a Landan ranar 25 ga Janairu, 2017, tana da shekara 72.