Daga Tsumburbura Zuwa Shataletale: Me Ya Sa Kano Ba Ta Sassaƙa Fuska?

Maƙalar wannan mako tana kan abin da muke wucewa ta gabansa kullum ba mu tambayi tarihinsa ba.

A ƙauyukan Dambatta, Bichi da Dawakin Tofa, inda gona ke manne da gona, mutum-mutumin da manomi ya sani shi ne na korar tsuntsu: a kafa sanda, a rataya mata tsumma, a kifa mata tsohuwar malfa. Da wannan kalma muke kiran abin da ake sassaƙawa a kafa a dandalin birni. Sai dai mutum zai zaga Kano kaf bai ga siffar sarki ko gwamna tsaye a titi ba. A Legas kuwa, an kafa siffar Sarauniya Elizabeth ta tagulla wadda Ben Enwonwu ya ƙera tun 1957. Ita kanta Sarauniya Amina ta Zazzau, fitaccen mutum-mutuminta a gaban babban ɗakin wasanni na ƙasa da ke Legas aka kafa shi.

Dalilin ya daɗe. Tarihin Kano ya kawo labarin Barbushe da Tsumburbura a gindin Dala. Abin lura shi ne, abin da littafin ya siffanta itaciya ce da aka kewaye da katanga, wadda ba mai shiga wurinta sai Barbushe. Sarki Tsamiya ya rushe wurin, Wangarawa suka kawo Musulunci zamanin Yaji (1349 zuwa 1385), sannan Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya sare itaciyar tsafi aka gina masallaci. Tun daga nan duk abin da aka kafa a fili mai kama da halitta sai a ji masa ƙanshin gunki, ga kuma hanin da malamai suke karantarwa kan sassaƙa mai rai.

Wannan bai kashe fasaha ba, hanya ta sauya. Magina suka zuba gwanintarsu a jikin bango: dagi, zanko, da zanen soro. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 shaida ne. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai birnin ya sami wata alama, wato dalar gyaɗa. Buhunan nan gumin manoman karkara ne, daga irin waɗancan gonaki aka kwaso su. Fari da cutar gyaɗa suka kawar da dalar a shekarun 1970, amma har yau da ita ake tuna Kano.

Ko ginin da ba shi da fuska bai tsira daga rigima ba. A 2017 aka gina hasumiya a shataletalen gidan gwamnati don cikar jihar shekara 50. A watan Yunin 2023 sabuwar gwamnati ta rushe ta. Aka kawo hujjar tsaro da tare wa masu mota gani, wasu kuma suka ce siffarta daga sama ta yi kama da gicciye. Masu adawa suka ce siyasa ce kawai. Gini ɗaya, kowa da yadda ya karanta shi.

Darasi gare mu shi ne, gunki daban, mutum-mutumi daban. Na farko bauta masa ake yi, na biyu tunawa ko kwaikwayo. Wanda ya cakuɗa su a labarinsa zai ɗora wa mutane abin da ba su aikata ba. Kuma idan kuna siffanta gari, ku dubi abin da mutanensa suka yarda a kafa a tsakiyarsa, da abin da suka ƙi.

Mene ne a shataletalen garinku, wa ya gina shi, kuma a wace shekara? Ku bincika, ku kawo mana a sharhi.