Tarihin Majami'ar Tudun Kabewa

A Jihar Karolina ta Kudu, cikin Amurka, akwai wata 'yar majami'a ta jan bulo a bakin kogin Cooper, arewa maso gabas da birnin Charleston. Sunanta Pompion Hill, watau Tudun Kabewa. Ƙarama ce ƙwarai, amma mai neman sanin yadda addini da dukiya da bauta suka cuɗanya a zamanin mulkin Ingila zai sami abin nazari a cikinta.

An fara kafa ta da katako a 1703. A 1706 aka yi dokar da ta mai da Cocin Ingila addinin gwamnati a Karolina, aka raba ƙasar gunduma-gunduma. To, gundumomin suna da faɗi, ga fadamu, ga rashin hanya. Saboda haka akan gina ƙananan majami'u don sauƙaƙa wa na nesa, wannan kuwa ɗaya ce daga cikinsu.

Da katakon ya lalace sai aka sāke gini da bulo daga 1763 zuwa 1765. An toya bulon a gandun Zachariah Villepontoux, zuriyar Faransawan nan 'yan Furotesta da suka gudo daga ƙasarsu. Magini William Axson ya bar haruffan sunansa a jikin bango. A kowane layi akan ɗora bulo ɗaya a tsawonsa, na biye a gicciye, yadda bangon zai kama juna ya kuma yi kyan gani. Rufin na fallayen dutse ne, kan tagogin a lanƙwashe, mumbarin kuwa an sassaƙa shi da itacen sida.

Amma ina kuɗin ya fito? Daga shinkafa. Masu noman ta kuwa bayi ne da aka kwaso daga Afirka, da yawansu daga yammacinta. Su ne mafi yawan mutanen yankin, amma sunan da ya rage a bango na magini ne.

Bayan Amurka ta sami 'yanci, mabiya Cocin Ingila suka kafa Cocin Efiskofal a 1789, majami'ar ta koma hannunsu. Da aka soke bauta a 1865, noman shinkafa ya yi ta ja da baya, jama'a suka watse. Rashin masu kuɗin da za su yi mata kwaskwarima shi ya bar ta kusan yadda aka gina ta. A 1970 gwamnatin Amurka ta sa ta cikin manyan wuraren tarihi na ƙasa.

Ashe ke nan, shinkafa ce ta gina ta, mutuwar shinkafa kuma ta adana ta.